Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Katsina da Masarautar Daura: a ba baƙon Kusugu dalilin kwana

Mai girma Gwamnan Jihar Katsina,
Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninka, tare da 'yan majalisarka,
Shugabannin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa iyayensa, ina neman afuwa da na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a. Ba raini ya sa ba. Maganar ce ta fi ƙarfin ofis ɗaya. Ta shafi mai Keke a tashar Daura, ta shafi mai waina a bakin kasuwa, ta shafi maginin da ya ajiye tubali ya koma dakon bulo, don haka na ga ya kyautu su ma su ji.

Ni haifaffen Daura ne, aikina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma ina cikin malaman da kan kwaso ɗalibai a bas su kawo su ganin rijiyar Kusugu, inda ake cewa Bayajidda ya kashe maciji. Abin da ido ya saba gani shi zan faɗa.

Baƙi suna zuwa Daura, kuma ba yau suka fara ba. Ranar Asabar da hantsi za ka ga motocin makarantu daga Kano, Kazaure da Katsina, wani lokaci har daga Zariya. 'Yan kawo amarya kan ce a biya da su rijiya kafin su juya. Fataken da suka shigo ta Kongolam daga Matamaye da Damagaram su ma kan leƙa. Tun kuma da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, a gidansa ranar 15 ga Yulin 2025, sai masu ta'aziyya da masu ziyara suka ƙaru, har daga kudancin ƙasar nan. To amma a dubi yadda zuwan yake. A sauka, a shiga wurin rijiya, a zura guga, a kurɓa, a ɗauki hoto, a bi ta ƙofar fada a sake ɗaukar wani, kafin la'asar mota ta kama hanyar Kazaure. A Kano baƙon zai ci abincin dare, a can zai kwana, a can zai sayi tsaraba. Abin da ya bari a Daura bai wuce kuɗin ruwan leda da ɗan abin da ya miƙa wa mai kula da rijiya ba. Abin da ya tafi da shi kuwa, labarin maciji kawai.

Roƙona ɗaya ne, ranku ya daɗe, duk sauran abin da zan faɗa a ƙarƙashinsa yake: a ba wannan baƙo dalilin kwana a Daura.

Sai a fara da sanin ko wane ne baƙon. Da an ambaci yawon buɗe ido, hankali kan tafi ga Bature mai rataye da kyamara, daga nan a shiga maganar otal mai hawa-hawa da baje koli a Abuja. Baturen nan ya yi ƙaranci a arewacin Najeriya shekara da shekaru, gwamnatinsa ma gargaɗinsa take yi kada ya zo, kuma ba za mu naɗe hannu muna jiran ranar da zai sake shawara ba. Baƙon Daura na haƙiƙa Bahaushe ne. Yaro ne da aka haddace masa Hausa Bakwai a aji, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, yana son ganin inda aka ce abin ya faro. Malami ne daga Maraɗi. Dattijo ne daga zangon Kumasi, ko Sabon Zango na Akra, ko Mai Wurno ta Sudan, wanda kakansa ya bar ƙasar Hausa da fataucin goro ko tafiyar Hajji a ƙasa, shi kuma ya tashi yana jin ana cewa Daura ce tushe. Irin wannan mutum ba sai an yi masa talla ba, sunan garin ya daɗe da isa kunnensa. Abin da yake buƙata shi ne idan ya iso ya tarar an shirya masa.

Na sha tsayawa gefe ina kallon yara a bakin rijiyar nan. A cikin bas surutu ya ishe ka, amma da zarar sun leƙa sun hango ruwa yana ƙyalli can ƙasa, sai ka ji tsit. Ɗaya ya karɓi igiya hannunsa na rawa, guga ya fito yana yoyo, a bi su da moɗa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan tambayoyi su ɓarke. A ina macijin yake kwanciya? Me ya sa sai ranar Juma'a kaɗai ake ɗiba? Ina gidan Ayana, tsohuwar da ta sauki Bayajidda? Da gaske takobin yana nan a fada? Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malam, to kafin ya zo, wa ya haƙa rijiyar?" Daga wannan tambaya tarihin Daura na gaske yake farawa, kuma a daidai nan ne yawancin ziyara take ƙarewa.

Labarin da kansa yana ba ta amsa. A yadda ake bayar da shi, Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare. Ya tarar da gari, da sarauniya, da Galadima da Ƙaura, da rijiya da aka daɗe da haƙawa. Wato akwai mulki, akwai sana'a, akwai tsarin zama kafin zuwansa. Jerin sarautar Daura da mata ya fara, tun daga Kufuru har zuwa Daurama, wadda ake cewa ita ta taso da gari daga Tsohon Birni zuwa inda yake yanzu. Garuruwa nawa ne za su iya nuna jerin sarauniyoyi irin wannan a farkon tarihinsu? Ina ganin fuskokin 'yan mata ɗalibai in aka gaya musu haka, sai ka ga sun gyara tsayuwa. Duk da haka mafi yawan masu ziyara kan koma gida ba su ji sunan Tsohon Birni ba, balle su taka shi, alhali ba shi da nisa da gari.

Ina roƙon a fara da can. Kufai in ba a shata masa iyaka ba, garma da masu haƙar ƙasar gini su ke cinye shi kaɗan-kaɗan, ba da mugun nufi ba, manomi gona yake nema. A zauna da masu gonakin da ke kewaye, a daidaita da su da adalci, a kafa alama. A gayyato masana binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ke da sashe guda na wannan fanni, su auna wurin su faɗi abin da ke ciki. Katangar tukunya ɗaya da aka tono bisa ƙa'ida tana iya gaya mana shekarun da baki ya manta.

Akwai wani babin kuma wanda ba kasafai ake faɗa wa baƙo ba, ga shi kuwa shi ya bambanta Daura da maƙwabtanta. A 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya karɓo tuta ya ci Daura, sarkin Daura na lokacin, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Zuriyar ba ta ɓace ba. Ta kafu a Zango da Baure, ta yi kusan shekara ɗari tana zaune tsakanin ƙarfin daular Sakkwato da na Damagaram, har zuwa farkon mulkin Turawa da aka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har zuwa 2007, sannan Mai Martaba na yanzu. A Kano da Katsina da Zazzau sarauta ta ci gaba a hannun gidajen Fulani; a Daura tsohon gida ne ya dawo. Na san magana ce mai son taka-tsantsan, domin jikokin ɓangarorin biyu suna nan a gari, an yi auratayya, an zama abu ɗaya. Ai wannan haɗuwar ita ce ma abin nunawa. Idan aka faɗi labarin da adalci, babu wanda zai ji an ci zarafin kakansa, kuma nan take Zango da Baure sun shiga cikin ziyara, domin duk wanda ya ji cewa sarauta ta yi zaman gudun hijira a can zai so ya je ya gani.

Kada kuma a ji tsoron gardamar masana. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith da waɗanda suka bi sahunsa sun daɗe da nuna cewa garuruwan Hausa sun tsiro ne daga cikin ƙasarsu, ta hanyar noma, ƙira, kasuwa da neman tsaro, ba wani baƙo ɗaya ya zo ya kafa su rana tsaka ba. Wannan bai rage wa Kusugu komai ba. Mai yi wa baƙi jagora ya ce, ga abin da kaka da kakanni suka faɗa, ga kuma abin da masu bincike suka gano. Ɗalibi ya fi yarda da wanda ya ba shi duka biyun. Haka nan ga 'yan uwa masu ɗari-ɗari da wurin saboda gudun camfi: damuwarsu abin saurare ce, kuma maganinta ilimi. Alƙur'ani mai girma ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Idan aka sa mai ilimi a bakin rijiya yana bayani, camfi ne zai ja baya.

Wannan ya kawo ni kan masu jagora. Daura ta cika da makarantu a 'yan shekarun nan: ga Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri. Ga kuma samari da 'yan mata da suka gama karatu suna zaune. A zaɓi kaɗan daga cikinsu, a haɗa su da dattawan fada masu riƙe da tarihi a ka, a horar da su, a ba su shaidar aiki. A samu mai jin Faransanci saboda baƙin Nijar da ba su saba da karatun boko na Turanci ba, a samu mata saboda ayarin mata da makarantun Islamiyya. Dattawan nan ba za su dawwama ba. Kowane ɗaya da aka kai makwanci ba a naɗi maganarsa ba, ya tafi da kirarin wata sarauta, ko sunan wata unguwa da dalilinsa, ko take na tambari wanda babu mai sake kaɗa shi daidai. Wayar hannu ta isa a fara wannan aiki gobe.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wato ginin ƙasa. A garuruwanmu na arewa, idan aka ce za a gyara tsohon wuri, abin da kan biyo baya shi ne siminti, tayil, fenti da kwano mai launi. Ana yi da kyakkyawar niyya, don a burge baƙo. Amma baƙon da ya taso daga Kano ko Abuja ya baro tayil a gidansa. Abin da ba shi da shi, kuma zai biya kuɗin mota don ya gani, shi ne zaure mai kaurin bango wanda kana shiga da tsakar rana za ka ji sanyi ya ratsa ka, rufin soro da aka yi wa ɗaurin guga, azarar giginya da ta yi baƙi da tsufa gara ba ta taɓa ta ba, zankwaye a saman gini, da zanen dagi a goshin ƙofa. Ban da haka ma, siminti kan bangon ƙasa cuta ne. Yana hana bango numfashi, laima ta taru a bayansa, ƙasa ta ruɓe ba a sani ba, wata damina sai a ga ya ɓamɓaro falle guda ya tafi da rabin bangon.

Magabata sun san maganin abinsu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a yi yaɓe. A shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa. A yi wa rufi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ruwa ya bi ta indararo ya sauka nesa da gindin gini. Na taɓa zama kusa da wani tsohon magini yana gyaran katangar gidan maƙwabcinmu. Ya sa yara sun kwaɓa ƙasa da ciyawa sun tattake ta, ya ce a bar ta ta kwana biyu ta tsima. Da ya zo yaɓe, sai ya ɗebo da hannu ya maka, ya bi da tafin hannu yana lailayawa, yana ɗan ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa yana saurare, inda ya ji amo ya canza ya ce nan akwai rami a ciki, a fasa. Ba shi da magaji a sana'ar, 'ya'yansa duk sun koma bulo, kuma ba zan ga laifinsu ba tunda can ne abinci yake.

Gwamnati na iya mayar da abinci cikin wannan sana'a da kuɗi kaɗan. A zaga tsofaffin unguwanni irin su Kusugu, Sarkin Yara da Ubandawaki, a rubuta zauruka da soraye da suka rage, da duk abin da ya saura na ganuwa da ƙofofi. A ba masu gidajen ɗan tallafin yaɓe duk shekara bisa sharaɗin ba za su rushe ba. A ɗauki tsofaffin magina, kowanne a haɗa shi da almajiran sana'a. Fada kuma ta sa rana guda a shekara ta aikin gayya, da kiɗa da abinci, wadda ita kanta za ta zama abin zuwa kallo. Mutanen Jenne a Mali haka suke yi wa babban masallacinsu duk shekara, gari ya fito kwansa da kwarkwata. Agadas ta riƙe tsohon birninta na ƙasa da hasumiyar masallacinta har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu kuma mun ga yadda gine-gine suka cinye mafi yawan ganuwar Kano muna kallo. Daura tana da sauran lokacin zaɓen wanda za ta bi, amma ba mai yawa ba.

Mai girma Gwamna, a nan ne aikin jiha ya fi na masarauta. Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, kuma a tsakanin, cikin ƙaramar hukumar Mani, ga Durɓi ta Kusheyi, makwancin sarakunan farko na Katsina. An fara tona wurin a 1907, aka sake a 1992, aka fito da kayan tagulla, wuri, ƙyallen tufafi da kayan ado, wasunsu daga nesa ƙwarai suka zo ta hanyar Sahara, har aka kai su Jamus don gyara. Mutum nawa ne cikin masu bin hanyar nan kullum suka san suna wuce irin wannan wuri? A ɗinke wuraren nan su zama tafiya guda. Baƙo ya wuni Juma'a a Katsina, ya ga Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ya tsaya Durɓi, ya kwana Daura. Asabar ya yi ta tsakanin Kusugu, fada, Tsohon Birni da Zango, da yamma ya sha iska a bakin dam na Sabke ko Daberam. Lahadi ya wayi gari a kasuwar Mai'aduwa, ya ga shanu da raƙuma da tumakin da ake korowa daga Nijar, ya ga yadda dillalai ke ciniki, abin da yaron birni bai taɓa gani ba sai a waya. Kwana biyu ke nan, ba tare da an gina komai sabo ba. Abin da ake buƙata alluna a kan hanya, da Hausa da Turanci, da 'yar takarda mai taswira da za a samu a tasha.

Ga kuma bukukuwa. Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal da Hawan Magajiya a lokacin Sallah ba su da kasawa in aka jera su da hawan kowace masarauta. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ji kakaki da algaita sun tashi tare, ya ga dawaki cikin lifidi da jalala, hakimai na zuwa jahi ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da nake nufi. Sai dai wanda ke Kumasi ko Maraɗi yana buƙatar sanin rana tun da wuri don ya shirya. A riƙa fitar da jadawali watanni kafin lokaci, a rediyo da Facebook, a tanadi wurin zama mai inuwa ga mata, yara da tsofaffi. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, hawan Sallah na Kano ya shiga a 2024. Ba da baki aka kai su can ba, an tattara bayanai ne an rubuta. Gani ta cancanci a fara yi mata wannan tanadi. Ranar Hausa ta Duniya ma, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015, ina ganin babu garin da ya fi Daura dacewa da ya riƙa karɓar baƙinta.

Game da gidan marigayi Buhari, zan yi magana da ladabi. Gida ne na iyali, kabari kuma wurin addu'a ne. Bai kamata a mayar da shi kasuwa ba, bai kuma kamata a bar iyali da nauyin kowane ayari da ya sauka ba. Amma jama'a za su ci gaba da zuwa, masoyinsa da mai sukarsa, domin mutumin da aka haifa a garin nan a 1942 ya mulki Najeriya sau biyu, a soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, a farar hula daga 2015 zuwa 2023. Idan iyali sun amince, a keɓe wani wuri daban a cikin gari, ɗakin karatu da hotuna da takardu, inda mai son sani zai zauna ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. A nisanta shi da tutar kowace jam'iyya.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke korar baƙo tun kafin azahar. Malamin da ya kwaso bas cike da 'yan mata, tambayarsa ta farko ita ce banɗaki mai tsabta da wurin alwala, sai inuwa da ruwan sha. Kowane wurin ziyara ya samu waɗannan, da wanda aka ɗora wa alhakin sharewa. Kuɗin shiga ya zama sananne, a rubuce, da rangwame ga ɗalibai, a ba da rasit, kuma wani kaso ya tsaya a wurin don gyara. Makarantun kwana na iya buɗe ɗakunansu ga ɗalibai baƙi lokacin hutu a kuɗi kaɗan. A jera rumfuna kusa da rijiya a ba dukawa, maƙera, masu faifai da masu sassaƙar ƙwarya, don mai neman tsaraba ya sami abin da aka yi a Daura maimakon kayan roba daga waje. A bakin dam kuwa a sa shinge da mai tsaro, ruwa ba ya wasa da yara.

Ba zan tsallake maganar tsaro ba, don ita ce iyaye ke fara tambaya kafin su sa hannu a takardar tafiya. Jiharmu ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, musamman yamma da kudu. Yankin Daura ya fi samun sauƙi, alhamdulillahi, amma wanda ke nesa da ya ji an ce Katsina sai ya haɗa duka. A faɗa wa jama'a gaskiyar yanayin kowace hanya, kada a ƙara kada a rage, a kuma tsare wannan sauƙin da aka samu.

Iyakarmu da Nijar ba a hannun jiha take ba, na sani. Amma mun ga yadda Kongolam da Mai'aduwa suka yi sanyi lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Rabin baƙin da nake magana a kansu ta can za su ɓullo. Zumuncin da ke tsakanin fadar Daura da ta Damagaram ya girmi iyakar, kuma sarakuna na iya buɗe ƙofar ziyarar ɗalibai da malamai ta hanyar da 'yan siyasa ba za su iya ba.

Mutane da yawa a gari sun ɗora rai a kan jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, da zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ni ma ina fatan ganinsa. Amma jirgin da zai kawo baƙo da sauri, shi ne zai mayar da shi Kano da sauri in bai ga abin tsayawa ba. Shirin da za a yi, yanzu ne lokacinsa, kafin a buɗe tasha.

Don haka ina roƙon kafin Gani mai zuwa, hukumar tarihi da majalisar masarauta da shugabannin ƙananan hukumomi biyar, Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, su zauna tare, su kira magina, direbobi, masu masauki da malaman makaranta, a fitar da abin da za a iya gamawa cikin shekara guda, a faɗa wa jama'a wa aka ɗora wa kowanne. Ni da wasu 'yan uwana malamai a shirye muke mu rubuta ɗan littafin jagora da Hausa, a boko da ajami, ba tare da an biya mu ba, idan Mai Martaba ya yi mana izinin zama da dattawan fada.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya yi wa gwamnati jagora, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani malamin tarihi, ɗan Daura